Ku Tambayi Makaniki: Tayar da Tsohon Zarton Inji

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka zo, wato manyan zartunan inji na da, irin waɗanda ake kayar da ƙaton icce da su a tsaga katako. Haka abin yake kowace shekara: da iskar farkon damina ta fara tuge dogon yaro a unguwannin Yamai, sai kowa ya tuna da injin da ya jingine a lungun ɗaki. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aikin katako a dajin Kwaddibuwa. Da ya dawo gida ya zo da zarton inji, an rubuta Stihl 070 a jikinsa. Tun rasuwarsa yake ajiye a zaure, yanzu igiyar ma da ƙyar take jawuwa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya, yayyena sun ce a sayar. Ni kuwa so nake in gyara shi in yi sana'a da shi. Zai tashi? Daga wani matashi a Tawa.

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Ƙanena, ka ba yayyenka haƙuri, kada a ɗora wannan inji a kan sikeli tukuna. Abin da baba ya bar muku ba ƙaramin kaya ba ne. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ne ya kafa kamfanin a Stuttgart a 1926, kuma a 1959 suka fito da wani zarto mai suna Contra wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka ya yi aiki da shi. Daga Contra ɗin nan 070 ya fito. Girman silindarsa cc 106 ne, faɗin piston milimita 58. Yayansa 090 yana da cc 137. Ka kwatanta da baburan da ke yawo a cikin Tawa, za ka ga injin babur ne sukutum aka maƙala wa sarƙa. Ba mai saurin juyi ba ne kamar na zamani, amma yana da ƙarfin ja, shi ya sa masu tsaga katako a ƙasashen kurmi suka riƙe shi har yau. Wannan kuma shi ne sa'arka, domin inji da mutane ke aiki da shi ba a rasa kayan gyaransa.

Ka daina jan igiyar nan. Injin da ya daɗe a ajiye, cikinsa a bushe yake, kowane ja kuma ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Cire buji, ka zuba man haɗi, wato man da ake gauraya wa fetur, kamar cokali guda ta ramin, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya a hankali da hannu. Bayan haka ka kwance salansa. Ta wannan ƙofa za ka ga gefen piston da zobensa ƙuru-ƙuru. In ka ga jikinsa sumul, zoben kuma yana motsi in ka taɓa shi da bakin turnabis, to ka gode wa Allah, rabin aikin ya ƙare. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ka karanta amsar da na ba mai tambaya na biyu kafin ka sayi komai. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ma'auni: mayar da buji, ka ɗaga injin da mariƙin igiya kaɗai. Mai lafiya zai tsaya a rataye, ko ya riƙa sauka da tsaye-tsaye. Wanda ya zarce ƙasa sulu, matsinsa ya tafi.

Duk abin da yake na roba a jikinsa ka ɗauka ya mutu, ko da ido ya nuna maka yana da kyau. Zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu ba ya barin roba. Tiyon mai, matatar da ke cikin tanki, da ƴan siraran fatun da ke cikin karbirato, duk a sake su. Fatun nan su ne ke tsotso mai daga tanki, shi ya sa zarto ke aiki ko a kwance ko a tsaye, kuma da sun bushe sun yi tauri, sai dai ka ja igiya har kafaɗarka ta gaji. Ana sayar da su a ƙulli guda. Ka tafi da karbiraton a hannunka wurin mai kaya, domin akwai iri-iri masu kama da juna. Tankin kuma a wanke shi da sabon fetur har sai jan dattin nan mai wari ya daina fita.

Sai wuta. Jingina bujin a jikin silinda a cikin inuwa, ka ja igiya, ka duba ko shuɗiyar wuta na tsalle. Tazarar bakin buji milimita 0.5 ce. Na farkon 070 da kwantak suke aiki, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don buji ya ba da wuta, yana ɓoye a ƙarƙashin faifan nan mai fukafukai da maganaɗisu. Sau da yawa tsatsa ce kawai ta hau bakinsa, a goge da samfefa mai laushi, a daidaita buɗewarsa wajen milimita 0.4, wuta ta dawo. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka bari a cire faifan nan da guduma da kurfi. Akwai abin zare shi na musamman. Na ga karanshaf, wato sandar ƙarfen da faifan ke zaune a kai, da yawa da aka lalata wa baki a wannan wuri, kuma kuɗinsa ya ninka na kwantak sau da yawa.

Abu biyu ne za su sa in ce maka ka haƙura. Na ɗaya, in gangar jikin ta tsage a inda boris ke zama, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da karanshaf ke juyawa a ciki, ko ta zagwanye ta zama farin gari. Da magniziyam aka yi ta, mai walda na bakin hanya ba ya iya ɗinke ta, ƙarfen ma kamawa yake da wuta. Na biyu, in ruwa ya shiga ya kwanta har karanshaf ya yi tsatsa a inda sandar piston ke juyawa. Ko a nan ma kada ka ba masu kilo. Makanikai za su saye shi da daraja don su ciri kaya.

Tambaya: Ina da zarton inji Husqvarna 288. Piston ya ƙone, na sayi sabo a kasuwar Katako aka sa mini. Ko tanki biyar bai sha ba ya sake ƙonewa. Makanikin ya ce piston ɗin ne jabu, mai kaya ya ce makanikin ne bai iya ba. Wa zan kama? Daga wani mai sana'ar icce a Harobanda, Yamai.

Amsa: Malam, kafin ka kama kowa, ka tambayi makanikinka abu guda: me ya kashe piston na farko? In ya ce tsufa ne, ko ya yi shiru, to a nan matsalar take. Piston ba ya ƙonewa haka kawai. Wani abu ne ya ƙone shi, kuma muddin abin yana nan, ko daga Suwidin, ƙasar kamfanin Husqvarna, aka kawo maka sabo a cikin kwalinsa, hanyar da na farko ya bi zai bi. Zuba ruwa ne a tulun da ya tsage.

Ina fata ba ka yar da matattun piston ɗin biyu ba, domin su ne shaidunka. Ɗauko su ka duba. Gefen da ke kallon salansa in shi ne ya kakkarce, ƙarfen ya narke ya shafe zoben, to zafi ne ya yi yawa: ko man haɗi ya yi kaɗan, ko iska ta fi mai yawa a cikin injin. In gefen karbirato ne ya goge ya yi dusu-dusu, zoben ya sirance, to ƙura ce ta bi ta matatar iska. In kuwa rami ne mai zurfi guda ɗaya ko biyu, kamar an ja ƙusa, to wani abu ne ya karye a ciki, ko ƴar wayar da ke riƙe fil ɗin piston, ko ɓarɓashin boris.

Da yadda ka ce na biyun bai daɗe ba, zuciyata ta fi karkata ga iskar sata. Ga yadda abin yake. Injin zarto ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa kamar mota. Fetur da man haɗi da iska suna fara shiga cikin gangar da karanshaf ke juyawa, su jiƙa boris, sannan su hau sama su ƙone. Dole gangar nan ta kasance a rufe ruf. A kowane gefen karanshaf akwai robar sil guda, akwai gasket a ƙarƙashin silinda, akwai kuma mahaɗar da ke tsakanin karbirato da silinda. In ɗaya daga cikinsu ya tsufa ya buɗe ƙofa ko da kamar bakin allura, iska za ta shiga ba tare da mai ba. Injin sai ya riƙa ƙara mai daɗin ji, yana gudu fiye da da, mai shi yana murna an gyara masa kaya, alhali a ciki gasuwa yake. Alamominsa sanannu ne: in ka saki maƙura, wato kunamar da ake danna wa inji ya ƙara gudu, ba ya sauka da wuri, sarƙa na ci gaba da yawo, in ka kwantar da shi a gefe guda ƙararsa ta canza, kuma duk yadda aka daidaita karbirato, gobe sai ya sauya.

Ana gano wannan kafin a sa sabon piston, kuma ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Ni da tsohon famfon awon jini nake yi, irin na asibiti mai ƙwallon roba da agogo. A yanko robar tsohon tub ɗin babur a toshe ƙofar salansa da ta karbirato, a fasa tsohon buji a maƙala masa tiyo, a hura iska har allurar ta kai 300, wanda ya yi daidai da kusan bar 0.4. Sai a zuba ido. In allurar ta tsaya, gangar lafiya lau. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a sil da gasket, inda kumfa ya taso nan ne ɓarawon. Wannan aiki bai kai rabin awa ba, amma makanikai da yawa a garin nan ba sa yinsa, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin talaka ne ke biyan piston biyu da uku a kan robar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba.

Ka duba silindar ma. Cikinta ba kamar na babur ba ne da ake kai wa a rarake a sa piston mai girma. Wani siririn rufi ne mai tauri aka yi mata a kan alminiyam. In piston ya narke, yakan bar ƙarfensa a manne a bangon. In aka sa sabo a kan wannan dattin, nan take zai ci zoben. Ana goge shi a hankali da samfefa har yatsa ya daina jin tudu. In kuwa rufin kansa ya ɓare, ko farce na maƙalewa a rami a saman ƙofar salansa, silindar ta gama aiki. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan piston salansa take kallo, ƴan wayoyin fil kuma sababbi ake sawa, a tabbatar sun zauna daram a raminsu.

Na ƙarshe shi ne daidaita karbirato. Akwai sukurori biyu, ɗaya da alamar L, ɗaya da H. A yawancin tsofaffin nan ana ɗaure su a hankali har su tsaya, a warware kowanne kamar zagaye guda, daga nan a gyara da kunne. Na H shi ne mai kashe inji. In ka danna maƙura duka ba a cikin icce ba, ya kamata ka ji ƙarar tana ɗan gurnani, tana kakkaryewa, sai ta washe in sarƙa ta kama icce. In ka ji tana tsiwa siririya tun a sama, man ya yi kaɗan, a warware H nan da nan. Yara masu aiki suna son wannan tsiwar domin injin ya fi gudu, su kan ɗaure sukurun a daji ba da sanin mai kaya ba. Ka bincika wannan ma.

Tambaya: Na sayi babban zarto na ba yara suna aiki muna raba riba. Kullum sai sun ce a sayi mai na musamman, ni kuwa na ga maƙwabta baƙin man mota suke zubawa. Ba cuta ta suke ba? Daga wata Hajiya a unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Hajiya, a wannan karon yaranki suna da gaskiya, ki riƙe su da kyau. Man mota an yi shi ne ya zauna a kasko yana zagayawa. Man haɗi kuwa an yi shi ya narke cikin fetur ya ƙone tare da shi ba tare da ya bar gawayi mai yawa ba. In aka haɗa fetur da man mota, gawayi zai toshe salansa, ya daskarar da zoben piston a raminsa. Ga lissafin da za ki riƙe don kada a yi miki ƙari: in man haɗi ne na asali na kamfanin da ya ƙera injin, kashi 1 cikin 50 ake sawa, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. In man haɗi ne na kasuwa wanda ba ki tabbatar da ingancinsa ba, ko injin tsoho ne sosai, a sa 1 cikin 25, wato mililita 200 a lita 5. Ki saya musu babban sirinji a kantin magani su riƙa awo da shi, a daina awon ido da murfin gora. A haɗa a jarka mai tsabta a girgiza, ba a cikin tankin injin ba, kuma kada a haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya in ya zama dole, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta a ga ko akwai ruwa a ƙasa.

Tanki na biyu na man sarƙa ne. A nan ne mutane suka fi zuba baƙin man da aka juye daga mota. Na san dalili, kyauta ake samunsa. Amma cike yake da garin ƙarfe, yana cin famfon mai, yana cin sarƙa, ga shi yana fantsama a jikin yaran yini guda. In man sarƙa ya yi tsada, sabon man mota mafi araha ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ki kuma sa musu doka: kowace yamma a wanke matatar iska, a share tsakanin fukafukan silinda da buroshi. Lokacin hunturu, in ƙura ta rufe gari, har da tsakar rana a duba.

Tambaya: Kayan gyaran 070 na Sin da suka cika kasuwa, a saya ko a guje su? Daga wani makanikin babura a Konni.

Amsa: Abokin aiki, ni ina saye, amma ina zaɓe. Murfi, tanki, mariƙi, igiya da gidanta, salansa, duk waɗannan na Sin suna aiki, kuma su ne suka sa tsofaffin injinan nan ba su ƙare a bola ba. Inda ba na sassauci shi ne boris, sil, zoben piston da ƴan wayoyin fil, domin in ɗayansu ya saki, duk injin yake tafiya da shi. Tsohuwar silinda ta asali da aka goge ta fi mini sabuwa ta kwaikwayo. In dole ka sa ta kwaikwayon, ka shafa yatsa a bakin ƙofofinta na ciki, in da kaifi ka dasashe shi, in ba haka ba zai kama zobe. Ka kuma gaya wa mai kaya gaskiyar abin da ka sa masa.

Tambaya: Injina yana da ƙarfi amma yanka yana karkacewa, garin da yake fitarwa kuma laushi ne kamar na tuwo. Sannan ina so in fara tsaga katako. Daga wani magidanci a Gaya.

Amsa: Malam, injinka lafiyarsa ƙalau, sarƙar ce ta dakushe. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa, kuma ita ke jan kanta cikin icce ba sai ka danna ba. Irin haƙoran nan masu lanƙwasa da muke amfani da su, wani ma'aikacin daji a Amurka mai suna Joseph Cox ne ya ƙirƙiro su bayan ya lura da yadda tsutsar icce ke ci, ya fara ƙera su a 1947, kuma daga nan kamfanin Oregon mai ƙera sarƙar zarto ya samo asali. Rabin haƙoran na kallon dama, rabi hagu. Kowa yana da hannun da ya fi masa sauƙin wasawa, sai gefe guda ya fi ɗaya gajarta, yanka ya bi gefen da ya fi ci. Ka ƙirga shafar magagari daidai a kowane haƙori, ka riƙa gwada tsawonsu. Babbar sarƙa mai lamba 404 da ke kan 070 da 090 magagari mai kauri milimita 5.5 take so, a kan kusurwar digiri 30. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizo. Shi ma ana rage shi kaɗan-kaɗan yayin da haƙori ke gajarta, amma kada ka zarce, in ya yi ƙasa da yawa injin fizga zai riƙa yi. Faifan da sarƙa ke zagayawa a riƙa juya shi sama ya koma ƙasa, a share kwarinsa da ramin mai. Iccen bakin hanya da na bakin kogi ɓawonsa cike yake da yashi, ka ɓare inda za ka yanka da gatari tukuna.

Don tsaga katako a bin tsawon icce, ka ware sarƙa guda ka wasa ta a digiri 10, katakon zai fi fita sumul. Aikin yana gasa inji fiye da kowane, don haka ka ɗan ƙara warware H, ka riƙa barinsa yana numfashi a ƙaramar wuta tsakanin yanka da yanka.

Wannan gargaɗi kuma na ku ne duka, har da ƙanena na Tawa. Yawancin 070 da 090 ba su da birkin sarƙa. A na zamani, in saman hancin faifan ya taɓa wani abu injin ya yi tsalle ya nufo fuska, birki na kama sarƙar kafin ƙiftawar ido. A tsofaffin nan babu mai tsayar da ita. Kada ka taɓa yanka da hancin, kada ka ɗaga shi sama da kafaɗa, babban yatsan hagu kuma ya zagaye mariƙin. A ƙasa ake tayar da shi, a danne shi da kyau, ba a wurga shi a iska ana jan igiya ba. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a sa faifai da mai ba, saboda haka ba na hawa bishiya ba ne. Wanda zai yi sassabe a layukan dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa tun 1975, ƙaramin zarto zai nema. A sa takalmi rufaffe, a toshe kunne, a ajiye babbar riga da rawani a gida. In yatsu sun fara mutuwa saboda girgiza, a tsaya a huta.

Kai kuma na Gaya, na san giginya ce a ranka. Ita da gawo da maɗaci suna cikin itatuwan da hukuma ta kare, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana nan tana aiki. Ko iccen ya faɗi da kansa, ka je wurin jami'an gandun daji ka karɓi takarda kafin ka sa masa sarƙa, ka riƙe ta a aljihu ranar aikin da ranar da za ka ɗauko katakon.